Guguwar Tonado: Abin Yi Kafin A Kaɗa Jiniya, Da Lokacin Da Take Kaɗawa, Da Bayan Ta Yi Shiru

Ranar Lahadi, 22 ga Mayun 2011, da ƙarfe 5:17 na yamma, hukumar kula da yanayi ta Amurka ta fitar da gargaɗin tonado ga garin Joplin na jihar Missouri. Guguwar ba ta taɓa ƙasa ba sai ƙarfe 5:34. Minti 17 ke nan a tsakani, lokacin da ya isa uwa ta tattara 'ya'yanta, ta sa musu takalma, su shige maɓoya har su zauna zaman jira. Duk da haka guguwar ta kashe mutum 158. Da jami'an hukumar suka dawo daga baya suna tambayar waɗanda suka tsira, amsar da suka yi ta ji kusan iri ɗaya ce: an ji jiniya, ba a motsa ba. Wani ya leƙa waje ya dubi sama, wani ya kunna talabijin, wani ya tsaya kiran waya don ya ji ko da gaske ne. Jiniyar ta sha kaɗawa a baya ba abin da ya faru, kunne ya saba da ita. Ga shi kuma guguwar ta taho lulluɓe da ruwan sama, wanda ya tsaya neman ganinta bai ga komai ba sai baƙin hadari.

Mun saba cewa gani ya kori ji. A sha'anin tonado wannan karin maganar kan ja mutum ya baro, domin wanda ya ce sai ya gani da idonsa, lokacin guduwa ya ƙwace masa. Duk abin da ke cikin wannan jagora ya ginu ne a kan abu guda: a gama yanke shawara tun sama na fili, yadda in gargaɗi ya zo ƙafa ce kawai za ta yi aiki.

Wace irin guguwa ake nufi?

Kalmar guguwa tana ɗaukar abubuwa da yawa, gara a rarrabe. Akwai 'yar guguwar ƙura da ke tashi da rana tsaka a fili mai zafi, sama tas babu gajimare, ta yi 'yar rawa ta watse. Akwai mahaukaciyar guguwar teku mai faɗin ɗaruruwan kilomita, wadda ake hango zuwanta kwanaki kafin ta iso gaɓa. Tonado daban take da su biyun. Ginshiƙin iska ne mai juyawa da ke saukowa daga gindin hadari har ya taɓa ƙasa. Wata siririya ce kamar igiya, wata kamar hannun giwa, wata kuma faɗinta ya fi tsayinta, sai ka ɗauka bangon hayaƙi ne ke tafiya. Wadda ta afka kusa da El Reno a jihar Oklahoma ranar 31 ga Mayun 2013 ta kai faɗin kilomita 4.2, ita ce mafi faɗi da aka taɓa aunawa.

Manyan cikinsu daga wani irin hadari suke fitowa, wanda shi kansa juyawa yake yi. Ana bukatar iska mai ɗumi da laima a ƙasa, busasshiya mai sanyi a sama, sannan iskar ta riƙa sauya gudu da alkibla yayin da ake hawa sama. Wannan saɓanin ke naɗe iska kamar tabarma a kwance, sai iskar da ke hawa cikin hadarin ta ɗaga naɗin ta tsayar da shi. Tsakiyar Amurka ta tara waɗannan sharuɗɗan fiye da ko'ina: laima daga Tekun Mekziko, busasshiyar iska daga duwatsun Rocky, sanyi daga Kanada. Shi ya sa ƙasar ke samun tonado sama da 1,000 a shekara. Amma ba tata ba ce ita kaɗai. An ga tonado a kowace nahiya in ban da Antaktika. Wadda ta fi kowacce kisa a tarihi a Bangladash ta faɗa, ranar 26 ga Afrilun 1989, a yankin Daulatpur da Saturia, inda aka ƙiyasta mutum kusan 1,300 sun mutu. Ajantina ta gani a San Justo a 1973, Sin ta gani a lardin Jiangsu a 2016, Jamhuriyar Cek ta gani a kudancin Morabiya a 2021, Afirka ta Kudu ma tana samu.

Yawancin tonado ba sa wuce minti goma a ƙasa. Ana auna ƙarfinsu da ma'aunin da Ted Fujita na Jami'ar Chicago ya fitar a 1971, wanda Amurka ta gyara ta koma amfani da sabonsa a 2007, daga EF0 zuwa EF5. EF0 iska ce mai gudun kilomita 105 zuwa 137 a awa, ta karya rassa ta yaye ɗan rufi. EF2, wato kilomita 178 zuwa 217, tana cire rufin gida ɗungurungum. EF4 tana baje gida mai ƙwari, EF5 kuwa, sama da kilomita 322, tana share gida ta bar daɓen siminti kawai. Sai dai ka sani, bayan guguwa ta wuce ne masana ke bin ɓarnar gida-gida su ba ta lamba. Lokacin da take tahowa babu mai iya ce maka wannan ƙarama ce. Siririyar ma na iya zama mai kisa.

Mataki na farko: zaɓi maɓoyarka yau, ka shiga ka gwada

Abin da ke kashe mutane a tonado, galibi, shi ne abin da iskar ta ɗauko: katako, kwanon rufi, gilashi, bulo, ƙusa, wani lokaci har mota. A Jami'ar Texas Tech, in za a gwada bangon ɗakin tsira, katako mai nauyin kilo 7 ake harbawa da gudun kilomita 160 a awa, saboda irin abin da tonado ke jifa da shi ke nan. Bangon katako na gida ba ya tare shi. Daga nan ka'idar zaɓen maɓoya ta fito: ka sauka ƙasa iyakar iyawa, ka shige tsakiyar gini, ka sa bango mai yawa tsakaninka da waje, ka rufe kanka.

Mafi kyau shi ne ɗakin tsira da aka gina musamman, ko ramin ɓuya na ƙarƙashin ƙasa. Na biye da shi ɗakin ƙasa na gida, a ƙarƙashin matattakala ko tebur mai ƙarfi. A nan ka ɗaga kai ka tuna abin da ke samanka. In firji ko babban kabad na daidai wurin a hawa na sama, matsa gefe, don daɓe na iya ruftawa da su.

In gidan ba shi da ɗakin ƙasa, nemi ƙaramin ɗaki a hawa na ƙasa wanda ba shi da taga, kuma babu bangonsa da ke kallon waje: banɗakin tsakiya, sito, ko lungun ƙarƙashin matattakala. Ƙaramin ɗaki ya fi babba saboda bangayensa na kusa da juna, suna tallafe rufi. Falo mai faɗi da manyan tagogi shi ne wuri mafi muni a gidan, ko da yake nan ne kowa ke son taruwa don talabijin na nan.

Wanda ke hawa na sama a dogon bene ya nemi sanin maƙwabcin hawan ƙasa tun yanzu, ko ya gano lungun matattakala da ba shi da gilashi. Kada a shiga lif, wuta na ɗaukewa.

Masu zama a gidajen tafi-da-gidanka, ko duk wani gini mara tushe na kwano da falanki, maganarsu ta fi tsanani. Iska na wahalar da mai kayan kara. A Amurka kaso mai yawa na mace-macen tonado a irin waɗannan gidajen yake faruwa, alhali masu zama cikinsu 'yan kaɗan ne a jimillar jama'a. Babu lungun da ke da aminci a ciki, ko an ɗaure gidan da ƙasa. Abin yi shi ne a san ginin ƙwarai mafi kusa, a san mai mabuɗinsa, a auna minti nawa ake kaiwa da yara da tsofaffi, da dare, cikin ruwa.

Bayan ka zaɓa, ka tara mutanen gidan ku shiga gaba ɗaya. Mutane kan yi dariyar wannan, amma a nan ne za ka gano cewa banɗakin da ka ƙiyasta zai ɗauki mutum shida huɗu yake ɗauka, ko ƙofar sito ba ta buɗuwa saboda tarkace, ko kakar yara ba ta iya sauka matattakala sai mutum biyu sun riƙe ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka duba agogo: daga ɗakin kwana zuwa maɓoya, a ce bai wuce minti biyu ba.

Mataki na biyu: ajiye kaya a cikin maɓoyar

A cikinta, ba kusa da ita ba. Tocila da batir, ruwan sha, akwatin agajin gaggawa, magungunan da wani ke sha kullum, usur na kiran masu ceto, batirin cajin waya, kwafin takardun gida da na shaida a leda mai rufi, bargo mai kauri. Abu biyu da ake yawan mantawa su ne suka fi amfani: takalma masu ƙwarin tafi ga kowa, da hular kwano. Rauni a ka na cikin manyan abubuwan da ke kisa a tonado, kuma bayan jerin guguwar da ta ratsa Alabama da maƙwabtanta a Afrilun 2011, wadda ta kashe sama da mutum 300, masu bincike a jihar suka fara kira da a riƙa sa hular keke ko ta babur. Sharaɗin kawai, hular ta kasance tana can tana jira. Kada a ɓata minti uku ana nemanta a gareji.

Mataki na uku: san bambancin sanarwa biyu

A Amurka, wadda tsarinta ya fi na kowa tsufa a wannan fanni (hasashen tonado na farko da ya yi daidai an yi shi ne a sansanin sojan sama na Tinker a Oklahoma, 25 ga Maris 1948), sanarwa hawa biyu ce, kuma mutane na yawan rikita su.

Ta farko sanarwar sa ido ce. Cibiyar hasashen hadari da ke Norman a Oklahoma ke fitar da ita, ta shafi yanki mai faɗi, wani lokaci jihohi biyu ko uku, na tsawon awanni. Ma'anarta kayan haɗin sun taru, tonado na iya faruwa. Ba a ga komai ba tukuna. Wannan ne lokacin cajin waya, shigo da yara daga wasa, ɗaure ko shigo da abin da iska za ta iya ɗauka a tsakar gida, da fasa tafiyar da ba dole ba. Mai gidan tafi-da-gidanka a wannan matakin ya kamata ya tashi.

Ta biyu gargaɗi ne. Ofishin yanayi na yankin ke fitar da shi, ga ɗan ƙaramin yanki da aka zana a taswira, yawanci na rabin awa zuwa minti 45. Ma'anarsa an ga tonado da ido, ko na'urar rada ta nuna juyawa mai ƙarfi a cikin hadarin. Radar zamani har tarkacen da guguwa ta ɗaga sama tana iya ganewa, ko da dare ne. Tsakanin gargaɗi da isowar guguwa, a matsakaici, minti goma ne da 'yan kai, wani lokaci babu ko ɗaya. Akwai kuma wani hawa na sama da wannan, sanarwar halin ko-ta-kwana na tonado, wadda aka fara amfani da ita ranar 3 ga Mayun 1999, lokacin da wata babbar guguwa ta nufi garin Moore da kudancin birnin Oklahoma. Ba a fitar da ita sai an tabbatar da muguwar tonado ta doshi wurin da jama'a ke da yawa.

Wasu ƙasashen da launi suke aiki, rawaya, ruwan lemo, ja. Ko wanne ne tsarin inda kake, ka koyi kalmominsa a harshen da ake fitar da su, ka kuma san sunan gundumarka da na garuruwan da ke yamma da kudu maso yamma da kai, domin a ƙasashen arewacin duniya irin su Amurka daga can hadarin ya fi tahowa. Baƙo da ɗalibi da direban da ke ratsa jiha su ne suka fi faɗawa wannan tarkon: rediyo na ta ambaton sunan gunduma, su ba su san a cikinta suke ba.

Gaskiya ce cewa yawancin gargaɗin tonado, kusan uku cikin huɗu a Amurka, kan wuce ba a ga guguwa ta sauko ba. Ana yawan kawo wannan a matsayin hujjar ƙin motsawa, kuma ni ban ga hujjar ba. Asararka in ka ɓuya ba abin da ya zo rabin awa ce a banɗaki.

Kada kuma a raina gargaɗin hadari mai tsanani don ba a ambaci tonado ba. A Amurka ana fitar da shi ne in ana sa ran iska mai gudun kilomita 93 a awa ko fiye, ko ƙanƙara mai kaurin santimita 2.5. Iskar da ke tafiya miƙe tana iya yin ɓarnar ƙaramar tonado, a yanki mafi faɗi ma.

Mataki na huɗu: hanyar samun labari ta wuce ɗaya

Jiniya don waɗanda ke waje aka yi ta. Mutum na barci, taga a rufe, ruwa na dukan rufi, ba lallai ya ji ba. Wayar hannu na karɓar saƙon gaggawa a ƙasashe da dama, amma sai ba a kashe wannan sashen a saitinta ba, kuma ba a kashe wayar da dare ba. Ka ƙara da rediyo mai batir. A Amurka akwai rediyon yanayi da ke zaune shiru sai an fitar da gargaɗi ga gundumar da aka saita masa, sannan ya yi ƙara. Dare ne ya sa wannan matakin ke da nauyi. Tonadon dare ta fi ta rana kisa nesa ba kusa ba. Wadda ta ragargaza Mayfield a jihar Kentucky ranar 10 ga Disambar 2021 da dare ta zo, kuma a watan da mutane da yawa ba sa tsammani.

In babu wata sanarwa, sama kanta na ba da alama: gindin hadari da ya sauko yana juyawa, ƙura ko tarkace na zagayawa a ƙasa ko da ba a ga mazurarin ba, manyan ƙanƙara sai kuma shiru kwatsam, rugugi mai ɗorewa kamar jirgin ƙasa wanda ba ya yankewa irin na tsawa. Da dare, ƙyallin shuɗi ko kore a daidai ƙasa yana nuna iska na tsinka wayoyin lantarki. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa.

Mataki na biyar: gargaɗi ya zo

Ka tashi. Ka ɗauki yara, waya, ka shige. Ka durƙusa ka dunƙule, fuska ƙasa, hannaye a bayan kai da wuya, katifa ko bargo a sama. In banɗaki ne mai bahon wanka, a sa yara ciki a kifa musu katifa. Jariri ya fi aminci a ɗaure cikin kujerarsa ta mota da a rungume a hannu, domin iska mai wannan ƙarfin tana ƙwace abin da hannu ya riƙe. Ana rufe ƙofofin ciki.

Kada ka tsaya buɗe tagogi. Tsohon zance ne cewa gida fashewa yake yi saboda bambancin matsin iska, don haka a buɗe taga ya daidaita. Iska da tarkace ne ke rushe gida, kuma in ta samu ƙofar shiga sai ta tura rufin daga ciki. Haka nan zancen cewa kogi ko tudu ko dogayen gine-gine na kare gari. Tonado ta ratsa tsakiyar Salt Lake City a 1999, ta ratsa tsakiyar Atlanta a 2008. Wadda aka fi sani da guguwar jihohi uku, ta 18 ga Maris 1925, ta tsallake kogin Mississippi a tafiyarta ta kilomita 350 daga Missouri zuwa Indiana, ta kashe mutum 695.

A makaranta, ofis, asibiti ko babban kanti, ka guji duk wuri mai faɗin rufi: zauren taro, ɗakin wasanni, tsakiyar shago, ma'ajiyar kaya. Irin wannan rufin ba shi da ginshiƙai a tsakiya, in ya tafi bangayen da ke jingine da shi su bi bayansa. Haka ta faru a wani babban kantin kayan gini a Joplin. Ka nemi banɗaki, ƙaramin ofis na ciki ko lungun matattakala. Iyaye kuma su tambayi makarantar 'ya'yansu ina ake kai yara in an yi gargaɗi. A Moore, ranar 20 ga Mayun 2013, yara bakwai sun mutu a wata firamare da ba ta da ɗakin tsira.

In mota ta rutsa da kai

Nan ne shawara ta fi wuya, don babu zaɓi mai daɗi. In ka hango guguwar daga nesa kuma hanya a buɗe take, ka kalle ta na ɗan lokaci ka gwada ta da wani abu tsayayye, kamar turken lantarki. In tana matsawa dama ko hagu, ka bi hanyar da ta kauce wa layinta zuwa ginin ƙwarai mafi kusa. In kamar a tsaye take amma tana ƙara girma, kai ta nufa.

Kada ka baro gida mai ƙwari ka shiga mota don ka tsere. Ranar guguwar El Reno dubban mutane sun yi haka, manyan hanyoyin birnin Oklahoma suka cushe, motoci suka tsaya cak a fili. Waɗanda guguwar ta kashe ranar a cikin mota suke, har da Tim Samaras, masanin da ya shafe shekaru yana bin tonado da na'urorin awo, da ɗansa da abokin aikinsa. Guguwar ta faɗaɗa ta kuma karkata ba zato. In ta yi wa gwani haka, ina ga wanda ya fito da waya yana ɗaukar bidiyo.

Ƙarƙashin gadar sama tarko ne. Wani bidiyo da aka ɗauka a Kansas a 1991, na mutanen da suka laɓe a lungun gada suka tsira, shi ya yaɗa wannan tunanin, alhali guguwar ba ta bi ta kansu kai tsaye ba. Ranar 3 ga Mayun 1999 mutum uku suka mutu a gadoji uku dabam-dabam a Oklahoma. Hawa gada na ɗaga ka zuwa inda iska ta fi gudu, ba abin riƙewa, ga motocin da aka ajiye a ƙasa sun toshe wa kowa hanya.

In guguwa ta cim maka, abu biyu ne. In akwai wuri kusa da ya fi titi zurfi sosai, ka fita ka kwanta ciki rub da ciki, nesa da motar, hannu a kan ƙeya. In babu, ka zauna cikin motar da bel a ɗaure, ka sunkuya ƙasa da taga, ka lulluɓe kai da riga ko abin da ka samu. Sai dai a kula da magudanar ruwa da kwalbati. A daren El Reno ruwa kamar da bakin ƙwarya ya biyo bayan guguwar, kuma wasu iyalai da suka ɓuya a magudanai ambaliya ta tafi da su. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 na kayar da babban mutum, santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota.

Mataki na shida: bayan ta wuce

Kada shirun farko ya fito da kai. Hadari ɗaya na iya haifar da tonado fiye da ɗaya, wani hadarin kuma na iya biyowa a baya. Ka saurari rediyo har a ce gargaɗin ya ƙare. Aradu ma tana nan: ka'idar ita ce a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a tsaya a fili, in dai ba ginin ne ke shirin faɗowa ba.

Sa takalma kafin ka taka ko'ina. Binciken da aka yi bayan tonadon garin Marion a jihar Illinois, a 1982, ya nuna rabin raunukan a wajen ceto da kwashe tarkace aka same su, kuma kusan ɗaya cikin uku taka ƙusa ne. Ka duba mutanenka. Mai zubar jini a danne wurin da tsumma mai tsabta. Wanda ake zargin ya ji ciwo a wuya ko gadon baya kada a ɗaga shi sai in wuta ko rushewa na barazana. In kai ne tarkace ya danne, ka busa usur ko ka buga bututu ko bango, ka rufe hanci da riga. Ihu na cinye ƙarfi, yana kuma cika huhu da ƙura.

In ka ji warin gas, kada ka ƙyasta ashana, kada ka taɓa makunnin wuta, ka fitar da kowa. Tocila ake amfani da ita, ban da kyandir. Duk wayar lantarki da ke ƙasa ka ɗauka akwai wuta, har ruwan da ta faɗa ciki da shingen ƙarfen da ta taɓa. Ka aika saƙon rubutu maimakon kira, ya fi samun wucewa in layi ya cunkushe.

Rauni ko ƙarami ne a wanke shi sosai a nuna wa ma'aikacin lafiya, a kuma duba maganar allurar tetanus. Iskar tonado na cusa ƙasa da ɓarɓashin itace cikin tsoka. Bayan Joplin mutum 13 sun kamu da wata muguwar cutar naman gwari mai cin tsoka ta irin waɗannan raunukan, biyar suka mutu. Ciwon da ya fara baƙi, ko kumburi, ko zafinsa ke ƙaruwa bayan kwana biyu, ba na zaman gida ba ne.

Janareto a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa na kallon nesa da gida. Gareji ko an buɗe shi bai isa ba. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, kuma yakan kashe mutanen da guguwar kanta ta bari.

Kafin ka ɗaga ko katako ɗaya, ka ɗauki hoton komai, ɗaki-ɗaki, ciki da waje, saboda inshora ko tallafin gwamnati. Ka ajiye rasit na duk abin da ka saya don toshe rufi. Masu gyaran bogi kan biyo bayan bala'i suna ƙwanƙwasa ƙofa, alamarsu ita ce neman kuɗi duka a hannu kafin a fara aiki, da ƙin rubuta yarjejeniya.

In lokacin sake gini ya zo, a kashe kuɗi a mahaɗai. Gida yakan fara warwarewa ne daga inda rufi ya haɗu da bango, da inda bango ya haɗu da tushe, da kuma ƙofar gareji, wadda in ta lotsa iska ta samu hanyar ɗaga rufin daga ciki. Maɗauran ƙarfe da ke riƙe katakon rufi da bango, da ƙusoshin ƙarfe masu noti da ke dasa bango a tushe, ba su da tsada in aka gwada da kuɗin ginin duka. Ba za su tsayar da EF5 ba, amma mafi yawan tonado ba sa wuce EF2. Garin Moore, bayan ya sha duka a 1999 da 2003 da 2013, ya sauya dokar gininsa a 2014 ya ce kowane sabon gida sai ya iya jure iska mai gudun kilomita 217 a awa, har da ƙofar garejinsa.